Kiɗan Ƙasar Ƙanƙara da Masu Ganin Launi da Kunne

A shekarar 1972, Jami'ar Oulu da ke arewacin ƙasar Finlan ta shirya bikinta na farko na ba da digirin dakta. Bisa al'ada, waƙar biki ake rerawa a irin wannan rana da muryoyin mutane, don haka aka nemi wani gwanin tsara kiɗa, Einojuhani Rautavaara, ya shirya musu ita. Shi kuwa sai ya ɗauki rikoda ya shiga fadamun Liminka, kudu kaɗan da garin, ya kuma hau can arewa, ya naɗo kukan tsuntsaye. Ran biki, sarewa biyu ne suka buɗe fage, suna nannaɗe juna kamar hayaƙin murhu biyu da iska ta haɗa. Kafin mai sauraro ya farga, sai ga kukan tsuntsayen fadama yana fitowa daga lasifika, har kunne ya kasa raba inda sarewa ta tsaya da inda tsuntsu ya karɓa. Sunan aikin Cantus Arcticus, wato waƙar Aktik da harshen Latin. Tsuntsaye ke ba da waƙa, makaɗa na yi musu amshi.

Sau da yawa nakan saurari wannan kiɗa da sanyin safiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari, kuma duk sanda na saurare shi tambaya ɗaya ce ke dawo mini. Ta yaya ƙasar da aka sani da shiru da fari take shiga cikin okestira, babbar ƙungiyar makaɗan Turai mai mutum 70 zuwa 100? Akwai kuma tambaya ta biyu da ke manne da ita. Wasu daga cikin masu tsara irin wannan kiɗa sun ce in sun ji sauti launi suke gani. Shin launin da suke gani yana isowa gare mu, ko a ƙwaƙwalwarsu yake tsayawa?

Wurin da rana ke yin wata biyu ba ta fito ba

Aktik shi ne ƙuryar arewacin duniya, daga layin da masu taswira suka ja a wajen digiri 66 da rabi zuwa ƙololuwa. Ƙasashe takwas ne ke da rabo a ciki: Kanada, Amurka ta wajen Alaska, Rasha, Nowe, Suwidin, Finlan, Aisilan, da Denmak ta wajen Girinlan. Mutum kusan miliyan huɗu ke zaune a yankin.

Haskensa ne ya fi ɗaure wa baƙo kai. A garin Tromso na ƙasar Nowe, rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, sannan daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli ba ta faɗuwa. Mutanen Finlan suna kiran lokacin duhun da suna kaamos, amma ba duhu ƙirin ba ne. Da tsakar rana akan sami 'yan sa'o'i na wani irin almuru mai shuɗi, dusar ƙanƙara ta rine kamar an tsoma ta a baba, gefen kudu na sama ya yi ruwan hoda ko ruwan goro. Da dare kuma sai hasken arewa, wanda ake kira orora. Ƙwayoyin da rana ke fesowa ne ke karo da iskar duniya, sama da kilomita 100 daga ƙasa. Iskar oksijin ta ba da kore shar, can sama da nan ta ba da ja, naitirojin kuma ta ba da shuɗi da shunayya. A harshen Finlan sunansa revontulet, wato wutar yanyawa, domin tatsuniyarsu ta ce yanyawar ƙanƙara ce ke tayar da tartsatsi da wutsiyarta.

Shirun wurin ma iri-iri ne. Sabuwar dusar ƙanƙara tana shanye amo kamar ɗakin da aka cika da auduga. In kuwa iska mai tsananin sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi na bisanta, sai sauti ya lanƙwaso ya yi tafiya mai nisa, a ji haushin kare daga wani ƙauye kamar a bayan gida. Tafkin da ya daskare yana kuka in ya tsage: siririn sauti ya riga kakkaura isowa kunne, sai a ji wani fito mai gangarowa. Hatta hasken arewa, mazauna wurin sun daɗe suna cewa yana ƙas-ƙas, masana na musawa, har a 2012 Unto Laine na Jami'ar Aalto ya ba da sanarwar cewa ya naɗi irin wannan ƙara, kuma daga tsayin mita 70 kacal take fitowa.

Wanda ya zauna a irin wannan wuri dole idonsa ya koyi raba fari da fari, kunnensa ya koyi jira. A nan ne labarin ya haɗu da na masu ganin launi da kunne.

Cuɗanyar ji da gani

Masana suna kiran abin sinestiziya, daga kalmomin Girka biyu masu ma'anar ji tare. Mai wannan hali, in an taɓa ƙofa ɗaya daga ƙofofin da jiki ke sanin duniya da su, sai wata ta buɗe da kanta. Wani yana ganin kowane harafi da launinsa. Wata a wurinta Talata rawaya ce, Juma'a kore. Wani yakan ji ɗanɗanon kalma a harshe. Wanda ya shafe mu shi ne mai ganin launi ko siffa in ya ji kiɗa. Ba cuta ba ce, ba kuma taɓin hankali ba. Galibi da shi ake tashi tun yarinta, yana bin dangi, kuma da yawa sai sun girma suke gane cewa sauran mutane ba haka suke ba.

Bayani na farko a rubuce irin na likitoci ya fito a 1812 daga wani Bajamushe, Georg Sachs, wanda zabiya ne, yana rubutu a kan halittar kansa sai ya ambaci launukan da yake gani a haruffa da lambobi da sautuka. Francis Galton na Ingila ya tattara irin waɗannan labarai a 1880. Daga baya aka yi watsi da maganar shekaru da yawa, ana ganin ƙirƙira ce kawai. A 1987 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa suka fito da gwaji mai sauƙi: a tambayi mutum launin kalmomi masu yawa, a rubuta, a dawo bayan makonni ba tare da an gargaɗe shi ba. Mai kame-kame yakan manta abin da ya faɗa. Mai abin da gaske yakan maimaita kusan duka, har da irin duhun launin ko haskensa. Binciken da Julia Simner ta jagoranta a 2006 ya kiyasta cewa kusan mutum 4 cikin 100 suna da wani nau'i nasa. Game da dalili, bayani biyu ne suka fi ƙarfi: ko dai jijiyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa sun fi yawa a wurinsu, ko kuwa hanyoyin nan kowa yana da su, sai dai a wurin mafi yawanmu an danne su.

Cikin masu tsara kiɗa, Olivier Messiaen na Faransa, wanda ya rasu a 1992, shi ya fi kowa fayyace abin da yake gani. Ya ce da idon zuci yake ganin launukan, kuma in an ɗaga tarin sautuka zuwa sama sai launinsu ya kwashe ya nufi fari, in an saukar ya yi duhu. A aikinsa na 1963, Couleurs de la Cité céleste, har sunayen launuka ya rubuta a takardar kiɗa domin madugun makaɗa ya san abin da ake nema. A arewa kuwa akwai Jean Sibelius, uban kiɗan Finlan. A gidansa mai suna Ainola, wajen kilomita 40 arewa da Helsinki, har yau akwai babban murhun jin ɗumi da aka lulluɓe da tayil kore. A wurinsa wannan kore shi ne gidan sautin da Turawa ke kira F manjo. Mutum ne da ke zama a ɗakinsa yana jin amon murhunsa da ido.

Launin wa za a bi?

Matsalar ita ce masu wannan baiwa ba su yarda da juna ba. A ɗauki gidan sauti ɗaya, D manjo. 'Yan Rasha biyu, Nikolai Rimsky-Korsakov da Alexander Scriabin, sun gan shi rawaya mai ruwan zinare. Ba'amurke Michael Torke ya gan shi shuɗi tun yana yaro, har ya tsara Bright Blue Music a 1985 a wannan gida. C manjo fari ne a wurin Rimsky-Korsakov, ja a wurin Scriabin. Scriabin ya yi ƙoƙarin kashe gardamar da na'ura: a aikinsa Prometheus na 1910 ya ware layi guda a takarda domin fitilu masu launi, aka kuma gwada hakan a birnin New York a 1915. Amma masana da yawa suna ganin jadawalin launukansa tsari ne da ya zauna ya ƙulla bisa aƙidarsa, ba abin da ke faɗo masa da kansa ba.

Ke nan koren Sibelius nasa ne shi kaɗai. Ba wanda zai ji F manjo ya ga murhun Ainola, sai in an ba shi labari. Duk da haka akwai wani kaso da duk 'yan Adam suka yi tarayya a ciki. Gwaje-gwaje sun nuna cewa da masu sinestiziya da marasa ita, mafi yawa suna haɗa siririn sauti da launi mai haske da ƙaramin abu, kakkauran sauti kuma da duhu da girma da nauyi. Tun 1929 Wolfgang Köhler ya nuna wa mutane zane biyu, mai tsini da mai lanƙwasa, ya ba su sunayen ƙarya biyu, takete da baluma. Mafi yawa suka ba mai tsini takete.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin harshensa ya riga ya yi cuɗanyar. Da kalma ɗaya, ji, muke jin magana, mu ji ƙanshi, mu ji zaƙi, mu ji sanyi, mu ji Hausa, mu ji tausayi. Gani ne kaɗai muka ware. Muna cewa murya tana da zaƙi, magana tana da ɗaci, wance tana da sanyin murya, wane yana da kakkausar murya. Muna auna farin ciki da baƙin ciki da launi. In kuma muna son launi ya cika, sai mu buga masa amo a baya: fari fat, ja wur, baƙi wuluk, kore shar. Wanda ya ce fat ya ji a bakinsa cewa abin ya fi wuluk haske. Wannan ɗan kason da kowa ke da shi shi ne gadar da mai tsara kiɗa yake bi ya iso gare mu. Baiwarsa ta kansa tana taimaka masa wajen zaɓe, kamar yadda marini ya san baba ta nuna tun kafin ya tsoma zane, amma abin da ke isa kasuwa shi ne zanen.

Yadda ake ƙera sanyi da fari da nisa

Okestira gida huɗu ce: masu goge manya da ƙanana, masu busa irin na sarewa da algaita, masu ƙahonin tagulla, da masu ganguna da ƙarafa. Mai tsarawa yana rubuta wa kowa abin da zai yi. Kamannin sautin da haɗa waɗannan muryoyi ke haifarwa shi Jamusawa ke kira Klangfarbe, wato launin amo. Da wannan kaya aka bi hanyoyi daban-daban zuwa ƙasar ƙanƙara.

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce kwaikwayo. Ralph Vaughan Williams na Ingila ya yi wa fim ɗin Scott of the Antarctic kiɗa a 1948, labarin ayarin da ya halaka a 1912 a ƙuryar kudu, sannan ya mayar da kiɗan simfoni da aka fara kaɗawa a Manchester a 1953. Ya sa injin iska, wato gangar katako da ake juyawa tana gogar ƙyalle tana huci, ya sa muryoyin mata marasa kalma, da ƙarafa masu ƙyalli. Jón Leifs na Aisilan ya fi shi zafin hannu. Ya ga aman wutar dutsen Hekla a 1947, kuma a aikin da ya rubuta a 1961 da sunan dutsen ya nemi masu duka 19, da duwatsu da maƙera da sarƙoƙi da jiniya. A 1965 ya yi Hafís a kan ƙanƙarar da ke yawo bisa teku. Wannan hanya tana girgiza mutum, amma tana da iyaka, domin iskar gaske ta fi injin iska iya huci.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauki motsin abu a bar kamanninsa. Ran 21 ga Afrilu 1915, Sibelius ya ga manyan fararen dinyoyin nan masu dogon wuya da ake kira suwan, guda 16, suna kewaya saman gidansa kafin su ɓace cikin hasken rana. Daga nan ya sami jigon ƙarshen simfoninsa ta biyar. Masu ƙaho ne ke ɗauke da shi, suna lilo sama da ƙasa da faɗin taku, kamar bugun fiffike mai nauyi. Ba a jin kukan tsuntsu ko ɗaya, amma ƙirji yana jin tashinsu. Aikin ya ƙare da bugu shida, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa shiru mai tsawo, har shirun ya zama shi ne abin sauraro. Gidan Sibelius yana kudu sosai da layin Aktik, amma dawowar waɗannan tsuntsaye a wurin mutanen arewa kamar dawowar shamuwa ce a wurinmu: albishir ne cewa wahalar shekara ta kusa wucewa.

Rautavaara ya ƙara taku ɗaya. A kashi na biyu na Cantus Arcticus ya ɗauki kukan wani ɗan tsuntsun gaɓar teku ya rage gudun faifan har sautin ya sauko ƙasa sosai, ya zama kamar kukan wata halitta da ba a taɓa gani ba, masu goge suna shimfiɗa masa tabarma a hankali. A kashi na uku ya tara kukan garken suwan masu ƙaura, yana ninka shi bisa kansa, okestira na kumbura tare da su, sannan duka su yi nisa su ɓace.

Hanya ta uku ta shiga cikin sautin kansa, kuma a nan ne ido da kunne suka fi kusantar juna. Kaija Saariaho, 'yar Finlan da ta zauna a Faris har rasuwarta a 2023, ta yi karatun zane tare da na kiɗa. Ta ga hasken arewa a sararin Aktik lokacin da take soma aikin da ta kira Lichtbogen, na 1986, domin makaɗa tara da na'urar lantarki. A ce mutum yana zaune kusa da mai celo, babban gogen da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Ya ɗora yatsa bisa tsirkiya ba tare da ya danna ba, sai wani siririn fito ya tashi, tsaf kamar gilashi. Sai ya matso da izgarsa kusa da jakin gogen, yana ƙara dannawa kaɗan-kaɗan. Fiton ya soma tsagewa, ya yi yashi-yashi, har ya koma gurnani. Saariaho ta sa kwamfuta ta warware irin wannan sauti a cibiyar binciken sauti ta IRCAM, ta ga ƙananan sautukan da ke ɓoye cikinsa, ta rarraba su ga sauran makaɗa. Kiɗan ya fara da sauti guda, ya buɗe kamar labule, yana sauya launi ba tare da ya gusa daga wurinsa ba. Haka orora take yi. Anna Thorvaldsdottir ta Aisilan, wadda aka haifa a 1977, ita ma takan fara da zane a farar takarda kafin ta rubuta sauti ko ɗaya, kuma a ayyukanta irin su Aeriality na 2011 okestira tana numfashi kamar ƙasa mai faɗi da gajimare ke ratsawa.

Hanya ta huɗu ita ce ta lokaci. John Luther Adams ya zauna a Alaska daga 1978 har wajen shekara 36. A In the White Silence na 1998 ya hana kansa duk sautukan da ke kan baƙaƙen maɓallan fiyano, ya tsaya ga farare bakwai har tsawon minti 75. Da farko mai sauraro yana jiran wani abu ya faru. In ya gaji da jira sai ya fara jin bambance-bambancen da ke cikin abin da ya zaci ɗaya ne, kamar idon da ya koyi raba fari da fari. A 2006 Adams ya buɗe wani ɗaki a gidan tarihin Jami'ar Alaska da ke Fairbanks, mai suna The Place Where You Go to Listen. Kwamfuta tana karɓar bayanai kai tsaye: matsayin rana da wata, motsin ƙasa, da kaɗawar maganaɗisun sama. Girgizar ƙasa ta zama gurnanin ganga, orora ta zama ƙararrawa, allunan gilashi suna sauya launi tare da amon. A wannan ɗaki, wanda ba a haife shi da cuɗanyar ji da gani ba yana iya aronta na sa'a guda.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Akwai haɗari a cikin duk wannan, kuma ya kamata a faɗe shi. Baƙo yana son ya ga Aktik a matsayin fili fetal, fari, ba kowa. Amma wurin yana da masu shi, suna kuma da kiɗansu tun kafin a ƙera biyolin, ƙaramin gogen Turai.

Mutanen Sami, waɗanda ke zaune a arewacin Nowe da Suwidin da Finlan da wani yanki na Rasha, wasunsu suna kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho, suna da rerawar da ake kira yoik. Su da kansu suna cewa ba a yin yoik a kan mutum ko dutse ko dabba, shi kansa abin ake rerawa. Bahaushen da ya san take zai gane wannan nan da nan: in makaɗi ya buga taken wani, ba labarinsa ya ba da ba, kiransa ya yi, ko da ba ya wurin. Masu wa'azin mishan sun ɗauki yoik zunubi, an ƙwace gangunan Sami an ƙona da yawa a ƙarni na 17 da na 18, kuma har cikin shekarun 1950 ana hana shi a wasu makarantu. Nils-Aslak Valkeapää, wanda ya rera yoik a buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Lillehammer a 1994, yana cikin waɗanda suka dawo masa da martaba. Shi ma ya yi tasa simfonin tsuntsaye, Goase dušše, da sautukan da ya naɗa a ƙasar kakanninsa, ta ci kyautar Prix Italia a 1993.

Matan Inuit na Kanada suna da katajjaq. Mata biyu su tsaya fuska da fuska, riƙe da hannun juna, suna musayar sauti daga maƙogwaro da numfashi, suna kwaikwayon iska ko ruwa ko dinya, har ɗaya ta yi dariya ko numfashinta ya ƙare. Tanya Tagaq ta ɗauki wannan ta fita da shi duniya, ta ci kyautar Polaris a 2014. A 2017 ta tsaya gaban okestirar Toronto da aikin Qiksaaktuq, wato makoki, domin matan asalin ƙasar da aka kashe ko suka ɓace. A wannan aikin Aktik ba fari ba ne, ba kuma shiru ba. Yana da jini da sunaye da masu kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai tsara kiɗan da ya je ya kwaso kyan wuri ya bar mutanensa ya kwaso rabin gaskiya ne.

Abin da ke narkewa

Yanzu wani nauyi ya ƙaru a kan wannan kiɗa. Masanan hukumar yanayi ta Finlan sun nuna a 2022 cewa tun 1979 Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. A Satumban 2012 ƙanƙarar tekun arewa ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa da tauraron ɗan Adam. Shekara guda bayan haka okestirar Seattle ta kaɗa Become Ocean na Adams, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2014. Ya raba makaɗa gida uku, kowanne na tashi da sauka da nasa saurin, sau uku igiyoyin suna haɗuwa su yi toroƙo. Daga tsakiyar minti 42 ɗin, kiɗan yana komawa baya sauti bayan sauti har ya isa inda ya faro. Mutumin da ya shekara da shekaru yana rubuta fari, sai ga shi yana rubuta ruwa.

Mun saba cewa gani ya kori ji. Mafi yawanmu ba za mu taɓa ganin almurun Tromso ba, kuma ba za mu ga koren Sibelius ko launukan Messiaen ba. Abin da waɗannan ayyuka suka iya miƙo mana shi ne irin sauraron da wurin ke koya wa mazauninsa: haƙuri, da kula da ƙaramin sauyi, da girmama shiru. A ganina wannan ya fi hoto daraja, domin hoto yana nuna wuri ɗaya ne, kunnen da ya koyi jira kuwa da shi mutum zai koma gida.

Kuma gidan bai yi nisa da can kamar yadda muke zato ba. Kashin farko na Cantus Arcticus sunansa Suo, wato fadama. A fadamun arewacin Finlan da Rasha akwai tsuntsun da 'yan Finlan ke kira suokukko, zakaran fadama, wanda namijinsa ke yin ado da wuyan gashi mai launi-launi a lokacin barbara, da wuya a sami biyu masu kama ɗaya. In sanyi ya gabato sai ya tuɓe adon, ya keta Turai da Bahar Rum da Sahara, ya sauka a dausayin Hadeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi, cikin tufafi ruwan toka, yana tsintar shinkafar da ta zube a gona. Tsuntsu ne da kusan ba ya kuka. Manomin da ya gan shi da kaka yana kallon baƙon da ya kwana ƙarƙashin ranar da ba ta faɗuwa, wanda rayuwarsa ta rataya ga fadamu biyu, tasu da tamu. In ɗaya ta ƙafe, ɗayar ma za ta yi rashinsa. Wanda ya saurari kiɗan Rautavaara da kyau, ranar da ya je bakin fadamar garinsu da asuba zai ɗan tsaya, ya yi shiru, ya ji su waye suka iso bana.